Duwatsun da Iya Ta Zaɓa

A shekarun da nake aiki a kamfanin matse gyaɗa na Bompai, jim kaɗan bayan samun mulkin kai, ba ni da wani buri a duniya da ya wuce barci. Ba wasa nake yi ba. Gidanmu yana Sharaɗa, lokacin kuwa Sharaɗa ƙauye ce, gonakin dawa da gero ko'ina, kamfanonin da suka cinye ta daga baya ko harsashinsu ba a haƙa ba. Kullum sai in taka keke in ratsa gari in ɓulla ta gabas, in isa ƙofar kamfani kafin a busa jiniya, don tankifa, mai rubuta lokacin zuwan ma'aikata, ba ya jin wai ƙaya ce ta soke maka taya. Aikina tsayuwa ne a gaban inji. Gyaɗa ta shiga ta sama, mai ya tsiyaya ta ƙasa, tunkuza ta fito da tiririnta, ni kuma ina tsakiya ina gasuwa. In an tashi, ƙarar injin nan sai ta biyo ni har gida, ta zauna min a kunne ina salla, ina cin tuwo, ina kwance.

A gida akwai Iya, kakata, mahaifiyar babana. Ita ta raine ni tun iyayena suka rasu ina ƙarami. Wasan jika da kaka kuwa ba mu taɓa fasa shi ba ko da rana ɗaya. Da na jingine keke za ta ce, "Ga maigida ya dawo. Ba goro, ba cefane, sai warin mai. Ni dai na yi dacen miji!" Ni kuma in ce, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, har yanzu kina nan? Ai na yi zaton zan tarar da gado." Sai ta yi dariya ta turo min akushi.

Hutu a kamfaninmu ba kai ke zaɓar lokacinsa ba, inji ke zaɓa. Sai tsakiyar damina, sa'ad da tsohuwar gyaɗa ta ƙare a sito sabuwa kuma ba ta zo ba, sannan ake kwance injuna a wanke su a sauya abin da ya ci. A nan ne ake sallamarmu mako biyu. Sunansa hutu, amma fartanya ce ke jiranka a gida, don lokacin ne ciyawa ke neman cinye gona. Duk hutun da na samu a baya a gonar Baffa, ƙanin babana, na ƙarar da shi a sunkuye. A shekarar da nake ba da labarinta na yi wa kaina alkawari, ko Baffa zai yi fushi sai dai ya yi, ni barci zan yi har haƙarƙarina ya gaji da tabarma.

Ashe Iya tana da nata shirin. Wata Lahadi da la'asar muna zaune a tsakar gida, hadari ya taso daga wajen kogin Challawa, ya hau kan juna baƙi ƙirin. Ta daɗe tana kallonsa. Can ta ce, "Maigida, in ka samu hutun nan naka, ka kai ni in ga dutse."

Na ce, "Dutse kuma? Ga Dala, ga Goron Dutse. Hau bayan keke yanzu in kai ki."

Ta taɓe baki ta ce, "Waɗannan ai suri ne. Dutsen garinmu nake nufi."

Wannan kuwa magana ce da ba a yin ta a gidanmu. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Iya ba haifaffiyar Kano ba ce. Tana 'yar ƙanƙanuwa mahara suka kama ta a gindin wani dutse, aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu har ta faɗo gidan su kakana. Nan ta girma, aka 'yanta ta, ya aure ta, ta haifi babana da Baffa. Yarensu ya zube mata tuntuni. Sunan garin ma ba ta riƙe ba, ko kuwa ba ta taɓa saninsa ba, don yaro ai gida kawai yake ce wa garinsu.

Na tambaye ta abin da take tunawa. Ta ce sanyi, da duwatsu wani kan wani, da ruwa mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin fa, da awaki. Ta ce in kana sama kana hango ruwan sama tun yana nesa yana tahowa. Shi ke nan abin da ta ba ni. Sannan ta miƙe ƙafafunta ta nuna min yadda suka kumbura, ta ce, "Tafiya ɗaya ta rage a cikin waɗannan. In ba bana ba, ka bar ta kawai."

Wallahi raina bai so ba. Ina ganin barcina yana sulalewa. Amma ita ce ta goya ni, ita ce ta tauna ta ba ni, ba ta kuma taɓa roƙona ko da allura ba sai ranar. Na ce to.

Baffa da ya ji sai ya hau faɗa. Ya kira ni zaure ya ce, "Kai yanzu abin da aka binne shekara da shekaru shi za ka je ka tono? Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. 'Ya'yana mata suna nan ba su yi aure ba, so kake a riƙa nuna mu da baki?" Na ce, "Ku yi haƙuri, Baffa, ba mai jin inda za mu. A ce asibiti na kai ta." Ya ce in yi abin da na ga dama, amma gonar wa zai nome masa? Na gane ciyawar ta fi damunsa, na ba shi haƙuri na tashi.

Saura sanin wane dutse. A Bompai kuwa ba irin mutumin da babu, kowa ya baro garinsu ya zo neman abinci. Da aka tashi cin abincin rana sai na kawo zancen a rumfar mai tuwo, na ce wata tsohuwa ce a unguwarmu take son ganin mahaifarta. Aka fara da yi min dariya. Wani ya ce, "Tirƙashi! Ka zama manaja ke nan. Bature ne ke ɗaukar hutu ya tafi kallon dutse." Da dariya ta lafa, mutum biyu suka riƙe zancen. Ɗaya bakaniken da ke gyara injina, mutumin wajen Jos. Ɗayan kuma maigadin ƙofa, wani dattijo tsohon soja, mutumin duwatsun Mandara ta wajen Mubi.

Bakanike ya ce, "Sanyi? Dutse kan dutse? Ai an gama magana, wajenmu ne." Maigadi ya ce, "Kai yaro, rufa mana baki. Kun ga dutse ne a wajenku? Ramukan kuza dai." Suka yi ta yi kullum, har mai tuwo ta ce za ta daina sayar musu. Ni kuwa kaina ya ɗaure, don duk abin da Iya ta faɗa akwai shi a nan, akwai shi a can. Sanyi da awaki da ruwa daga ƙarƙashin fa, wane dutse ne ba shi da su?

Hanyoyin ne suka bambanta, bambanci kuma ba kaɗan ba. Jos jirgin ƙasa ke kai ka, ka zauna a tarago har ka sauka, akwai kuma wani ɗan ƙauyenmu da ke sayar da kayan koli a can, masauki a shirye. Mandara kuwa maigadi da kansa bai ɓoye min ba. Ya ce babbar motar katako za mu hau zuwa Maiduguri, daga nan mu nemi wata mu yi kudu. Da damina in aka yi ruwa sai a datse hanya, a jira ƙasa ta sha iska, in kuma mota ta kafe a taɓo fasinja ne ke sauka su tura. In ka isa gindin dutsen ma, sauran tafiyar ta ƙafa ce, tsohuwa kuwa sai an goya ta. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hutun naka duk a hanya zai ƙare, ka sauko daga mota ka wuce gaban inji." Hutu ɗaya gare ni, tafiya ɗaya gare ta, duwatsu kuma biyu ne, wani gabas wani kudu.

Zuciyata Jos take so, ba zan ɓoye ba. Amma na ce ba ni zan yanke ba. Na sa kowannensu ya ba ni labarin garinsu dalla-dalla, na kwaso na kawo wa Iya. Ranar na dawo a gajiye fiye da kullum, don bel ɗin da ke juya inji ya tsinke mun wuni muna fama da shi. Na zauna da akushi a gabana, ita tana kaɗi a bakin ƙofar ɗakinta, na fara. Na ce a wajen su bakanike acca suke ci, suna kewaye gidajensu da shingen kerana, wata shuka mai ƙaya da farin ruwa kamar nono. Ta ce uhm. Na ce a wajen su maigadi kuwa, a jikin dutsen suke noma, su jera duwatsu hawa-hawa su tare ƙasa. Kuma wai suna da wata al'ada, su sa maraƙi a ɗaki tun yana ƙarami, ba ya fita, ta taga ake zuba masa ciyawa, har ya girma ya fi ƙarfin ƙofa. Ranar bikinsu sai a fasa bango a fito da shi.

Iyakar abin da na san na faɗa ke nan. Barci ya sace ni a zaune. Da na farka, rana ta kusa faɗuwa, lomar tuwo tana hannuna ta bushe, Iya ta ajiye mazarinta tana kallona.

Ta ce, "Jos ne. Na tuna accar nan."

Na ce, "Kin tabbata?"

Ta ce, "Kai ka haife ni? Je ka wanke hannu, magariba ta yi."

Kai, na ji daɗi! Har da ƙarin goro na saya wa bakanike washegari. Maigadi ya girgiza kai ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Iya ba ta taɓa shiga jirgi ba. Tun daga tashar Kano ta riƙe gefen benci da hannu biyu, ta ce wannan abu ai gari guda ne aka ɗaura wa ƙafa. Kafin mu kai Zariya ta saki jiki, ta ƙulla ƙawance da wata mai kai daddawa Kaduna, tana gaya mata wai angonta ne zai kai ta yawon amarci, ga shi nan rowa kamar me. Muka sauya jirgi a Kafanchan, ya fara hawa yana nishi, iska ta sauya, duwatsu suka fara fitowa ta taga. Ina ta satar kallon fuskarta ko zan ga wani abu. Tana kallo dai, ta jawo mayafi ta rufe kunnuwanta.

Gidan ɗan ƙauyenmu yana ƙarshen gari, bayansa duwatsu ne jibga-jibga. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ba ni ɗakin zaure da bargo mai kauri, matarsa ta ja Iya ciki. Na ce bari in ɗan miƙe bayana kafin mu fara yawo. Wannan miƙewar ita ce ta cinye rabin hutun. Ban taɓa sanin jiki na bin mutum bashin barci haka ba. In tashi in yi salla, in ci abin da aka ajiye min, in ce yau kam za mu fita, sai in ji yayyafi a kan kwano da sanyin nan mai shiga ƙashi, in koma cikin bargo. Wani lokaci cikin barci nakan jiyo muryar Iya tana korar yaran gidan daga bakin zaure, tana cewa, "Ku tafi can ku yi wasanku, maigidana na hutawa." Wata safiya na farka na ji wani abu ya ɓace. Na daɗe a kwance kafin in gane ƙarar injin ce ta fita daga kunnena, har ina jin ɗigar ruwa daga indararo.

Ita kuwa kullum tana bayan gida a kan tabarma, ta lulluɓa, tana fuskantar duwatsun. Kunya ta kama ni. Na nemi wata motar da ke kai kaya kasuwar ƙauye, aka sa ta a gaba kusa da direba, muka shiga cikin duwatsu sosai. Na nuna mata shingen kerana, ta ce lallai kuwa. Na sa aka dafa mata acca, ta ci ta ce da daɗi. Na kai ta wajen wasu tsofaffin mata masu sayar da itace, na roƙe su su yi mata yarensu ko za ta tsinci wata kalma. Suka yi, ta saurara, ta yi musu murmushi, ta ba su goro. A hanyar dawowa na ce, "Iya, kin gane wani wuri?" Ta ce, "Dutse dai dutse ne, maigida. Ka bar ni in kalla."

Ana gobe za mu koma, da yamma ruwa ya ɗauke, na kama hannunta muka hau wani falalen dutse da ke bayan gidan, muna yi muna tsayawa tana mai da numfashi. Muka zauna. Daga nan ana hango hadari can nesa yana zubar da ruwa a kan wasu ƙauyuka. Ta nuna da haɓa ta ce, "Ka ga abin da nake gaya maka." Na ce na gani.

Can sai ta ce, kamar mai magana da kanta, "Namu baƙi ne, da ɗan fari a goshi. Ni nake zuba masa ciyawa. Tagar ta fi ni tsawo, sai na taka dutse. In na miƙa hannu sai ya lashe ni, harshensa kaushi. Babanmu ya ce bana za a fasa bangon. Ban ga an fasa ba."

Na ce, "Iya, bijimin da ake sawa a ɗaki? Ai wannan na wajen su maigadi ne! Ba nan ba ne!"

Ta ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kana faɗa."

Raina ya ɓaci, na miƙe tsaye. Na ce, "Haba Iya! Haba! Don me za ki yi min haka? Na tambaye ki, na sake tambayarki. Kika ce tafiya ɗaya ta rage miki, kika sa na kawo ki garin wasu, na zo na yi ta sharar barci kamar mushe, ke kina zaune kina kallon dutsen da ba naki ba!"

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Zauna, kana tare min iska." Na zauna.

Ta ce, "Ranar nan kana ba ni labari, magana a bakinka, loma a hannunka, barci ya ɗauke ka. Na zauna ina kallonka. Na ga ƙunan da ke hannuwanka, na ga wuyanka duk ya zama igiya. Babanka haka ya fara kafin ya kwanta. Na ce yanzu wannan zan ɗauka in kai shi ya tura mota a taɓo, ya goya ni ya hau dutse, ya sauko ya koma gaban wuta? In na bar ka a gida kuma, baffanka ya miƙa maka fartanya. Na binne ɗa, ba zan binne jika saboda bijimi ba."

Na ce, "Amma garinku fa, Iya."

Ta ce, "In na je wa zan tambaya? Da wane baki? In ce musu ina gidan da ke da baƙin bijimi?" Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin mayafi. "Ina so in gani, ba zan yi maka ƙarya ba. Har gobe ina so. Amma rai dangin goro ne, hutu yake so, naka kuma ya fi nawa sauran tafiya."

Na ce baɗi in Allah ya kai mu sai mun je, ko da a kaina zan ɗauke ta. Ta ce Allah ya kai mu, da irin muryar da ake amsa wa yaro. Sannan ta ce, "Ka dai yi barci?" Na ce na yi. Ta ce, "To, kama ni mu sauka, sanyi ya fara."

Muka dawo Kano, aka ɗaura injuna, sabuwar gyaɗa ta shigo, ƙarar ta koma kunnena inda ta saba zama. Ƙafafun Iya kuwa tun daga tafiyar nan ba su sake kai ta ko ƙofar gida ba. Kafin a gama girbi ta daina fitowa tsakar gida, ni ma na daina zancen baɗi.

Wata rana na tsaya a ƙofar kamfani na gaya wa maigadi gaskiya, cewa tsohuwar nan kakata ce, kuma ta wajensu ce. Ya gama tauna goronsa tukuna. Ya ce, "Ran Lahadi ka zo ka ɗauke ni." Na goyo shi a keke tun daga Bompai har Sharaɗa, ga shi da nauyi, ina taka feda ina haki. Baffa ya gan mu a zaure, ya dubi dattijon, ya dube ni, ya kau da kai ya ce a shiga.

Maigadi ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta ya gaishe ta da yarensu. Ya yi doguwar gaisuwa, ya sauya wani yaren na maƙwabtansu, ya sake sauya wani, don ya ce a duwatsun nan kowane tudu da bakinsa. Iya ta tashi zaune da ƙyar, ta karkata kai tana saurare, leɓɓanta suna motsi. Da ya gama ta girgiza kai ta ce, "Ban ji ko ɗaya ba, Malam. Sun tafi."

Ya ce, "Ba komai, Iya."

Ta ce, "Abu ɗaya zan tambaye ku. Har yanzu ana fasa bangon?"

Ya ce, "Ana fasawa."

"Bijimin yana fitowa lafiya? Hasken ba ya kashe masa ido?"

Ya ce, "Yakan tsaya jim, ya yi ta ƙifta ido. Sannan ya taka."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta koma ta kwanta, ta juyo ta dube ni ina tsaye a bakin ƙofa, gumi bai bushe min ba. Ta ce, "Maigida, a ba baƙo ruwa. Kai kuma je ka ɗan kwanta kafin ka mai da shi, hanyar da nisa."